Taku Arba'in da Shida

Iyatu ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. A wajenmu wannan ba abin mamaki ba ne, balle a gidajen da asalinsu daga ruga suka shigo gari. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake yi sai dai wata ta ɗauke shi. Da aka yaye Hayatu, kakarsa ta wajen uba ta tafi da shi ɗakinta, a can ya girma, gida ɗaya da Iyatu amma kamar ɗan maƙwabta. In ta dama masa fura sai ta ajiye ƙwaryar a gindin rumbu, ta ce da duk wanda ke kusa, "A hwaɗa ma wancan." Shi kuma ya zo ya sha, ya wanke ƙwaryar, ya kife ta inda ya same ta. Hirarsu ke nan shekara da shekaru.

Yanzu wancan yana Fatakwal, yana aiki a tashar jiragen ruwa. Rabonsa da Bukkuyum shekara shida, tun da ya zo gaisuwar rasuwar ubansa ya kwana uku ya koma. Kakar ta riga ɗan nata tafiya. 'Yan mata biyun da Iyatu ta haifa bayansa sun yi aure, ɗaya tana Gummi, ɗaya tana Anka, kowace da hidimar gabanta. Sai gidan ya yi wa Iyatu yawa. Har yanzu hannunta bai koyi tuƙa tuwon mutum ɗaya ba, kullum sai ya yi saura, ta ɗumama da safe, abin da ya rage ta watsa wa kaji. Da kajin take yawan magana, su kam tana kiran sunayensu.

A daminar 1986 direban motar Gusau ya kawo mata saƙo daga ƙanenta Namadi, wanda ke fataucin fatu a can. An sa masa tarho a gida, kuma Hayatu ya yi alkawarin bugowa kowace Juma'ar farkon wata bayan la'asar, in tana so ta zo. Iyatu ta ce da direban ita me za ta je yi, ba ta san kan abin ba. Ranar Alhamis kuwa tun kafin hantsi tana tasha da kwanon man shanu a ƙunshe. Motar ta kafe a taɓo sau biyu kafin Anka, ba su shiga Gusau ba sai da rana ta yi sanyi.

Tarhon yana falon da Namadi ke ganawa da baƙi, a kan tebur mai shimfiɗar zane. Baƙi ne wuluk, mai nauyi, an haɗa kansa da jikinsa da wata murɗaɗɗiyar igiya da ba ta fi kamu biyu ba. Ba kowa ke da shi a unguwar ba, don haka ran Juma'a falon cika yake yi. Abokan cinikin Namadi na nan, limamin masallacin layin na nan, ga maƙwabta masu jiran a bugo musu, ga waɗanda kallo kawai ya kawo su.

Da tarhon ya yi ƙara, Namadi ya ɗauka, ya yi gaisuwa da ƙarfi kamar mai kiran wani a ƙetaren gulbi, sannan ya miƙo mata. "Adda, ga shi."

Ta karɓa da hannu biyu. Muryar ta fito ƙarama, kamar daga cikin rijiya, amma tasa ce, har da ɗan tsayawar nan da yake yi kafin ya fara magana.

"Inna, kina lahiya?"

"Lahiya lau."

Ya tambayi shanu, ta ce lafiya. Ya tambayi ruwa, ta ce an samu. Duk idon falon na kanta, liman yana murmushi yana gyaɗa kai kamar shi ake gaisarwa. Ta ja da baya don ta juya musu ƙeya, igiyar ta miƙe, tarhon ya biyo ta har bakin tebur, wani ya yi wuf ya tare shi. Aka yi dariya.

"Inna, in taho gida da Babbar Salla?"

Amsar tana bakinta, ta daɗe a can. Amma ta yaya mace za ta tsaya gaban liman da maza tara ta roƙi ɗan fari ya zo ya gan ta? Ta ce su fita kuwa, wannan ya fi muni, don kowa zai san dalili.

"Yadda kag gani," ta ce.

Can ya ce to, ya ce ta ba Kawu.

Washegari a hanyarta ta zuwa tasha ta ga wani mutum a gindin bishiya, a ƙetaren titi daga wani kantin rediyo da fanka, yana ta magana shi kaɗai yana wurga hannu. Da farko ta ɗauka taɓin hankali ne. Da ta matsa sai ta ga abin da ke kunnensa, kan tarho ne, da wani siririn ƙarfe a samansa, kuma babu igiya ko kaɗan. Ya gama maganarsa, ya ƙetare titi, ya shige kantin. Ta tsaya ta haddace wurin, sannan ta wuce.

Salla ta zo ta wuce, Hayatu bai zo ba. Ya aiko da atamfa da sabulu ta hannun Namadi. Naman da surukanta suka kawo mata ta soya ta rufe a tukunya, ba ta gaya wa kanta ko na wane ne ba, sai da ya kwana goma ta raba wa maƙwabta. A waɗannan kwanakin ne ta fahimci abin da ya faru a falon. Yaron ya tambaya, kuma wataƙila ya daɗe yana shirya tambayar, ita kuwa ta amsa masa kamar mai amsa wa baƙo. Shekara talatin da huɗu bai taɓa jin wani abu daga bakinta ba, daga ina zai san tana son ya zo? Wasiƙa ba za ta yi ba, don sai ta bi ta kunnen mai rubutawa. Saƙon baki ma haka. Abin da take bukata shi ne tarhon mutumin nan, ta kawo shi Bukkuyum, ta shiga bayan rumbu inda ba kowa sai kaji, ta faɗa masa kalma uku.

Da kaka ta kama ta aika ruga aka kai wata karsana kasuwar Gummi. Karsanar jikar saniyar da aka ba Hayatu ranar sunansa ce. Masu kiwon suka tambayi abin da ya taso, ta ce lalura ce. Ta ƙulle kuɗin karsanar ta koma Gusau, ta zarce kantin nan.

Mai kantin sunansa Yusufu, Babarbare ne, tsagen fuskarsa ya nuna tun daga ƙofa. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa akwai wasa, don haka yana ganin ta ya miƙe ya ce yau baiwarsa ce ta kawo masa nono har kanti? Ta ce bawa ba ya magana sai an tambaye shi, ya fiddo mata abin nan da ta gan shi yana surutu da shi a gindin bishiya.

"Ikon Allah. Fulani sun gaji da kiran shanu da baki."

Ya fara ɗora mata wani ja mai maɓallai, ya ce shi mutane suka fi saye, ga kyau ga sauƙi. Ta ga igiyar, ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta ce ko akuyarta ba ta ɗaure ta gajere haka. Ya yi dariya, ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya fiddo kwali biyu. A ɗaya akwai wani fari, ƙarami, mai santsi kamar ƙwai. A ɗayan akwai mai ruwan toka, ƙato, eriyarsa in an zare ta ta kai tsawon karan dawa. Iyatu ta ɗauki farin, ta juya shi, ta ji daɗinsa a hannu. Ta riga ta ga inda za ta ɓoye shi, cikin ƙwaryar da ke can ƙasan jere.

Yana naɗe igiyar jan ne ya tambaye ta wace unguwa za a kai, don ya turo mai haɗawa. Ta ce ba unguwa ba ce, Bukkuyum za ta da shi.

Ya ajiye igiyar. Ya tambaye ta ko akwai lantarki a gidanta, ta ce a'a. Ya tambaya ko ta taɓa ganin turakun waya a layinsu, ta ce ai shi ya sa ta zo neman marar igiya. Yusufu ya daina wasa. Ya ɗaga takardar da ke cikin kwalin ya nuna mata wani faifai a ƙasa, mai igiya biyu a bayansa, ɗaya ta lantarki, ɗaya ta layin waya. Ya ce wannan ita ce uwar. Abin da ta riƙe a hannu ba ya jin komai sai abin da uwar ta faɗa masa, kuma ba ya nisa da ita. In ta kai shi Bukkuyum, ita da mai riƙe da dutse duk ɗaya.

Iyatu ta zauna a kan bencin kantin. Da ya ga dama da ya sayar mata ya yi shiru, ta san haka, amma a lokacin ba ta iya gode masa ba. Mutane suka shigo suka sayi batir suka fita. Wata mata ta zo ta yi cinikin fanka ta fasa. Iyatu tana zaune da farin tarhon a cinya, tana tunanin karsanar, da bayan rumbun, da motar da za ta koma a ciki hannu rabbana.

"Wagga uwa," ta ce daga baya, "taku nawa ɗanta ka iya yi?"

Ya ce ya danganta, kowanne da ƙarfinsa. Ta miƙa masa tarhon, ta ce ya ajiye mata duka biyun har gobe.

A gidan Namadi, da yamma kafin magariba, ta ce za ta duba awaki. Ta tashi daga jikin teburin falo tana ƙirge a zuci da Fulatanci, go'o, ɗiɗi, tati. Ta bi ta soro, ta ratsa tsakar gida, ta wuce madafa, ta shiga lungun da ke kai wa bayan gida, har garken awaki ƙarƙashin dogonyaro, inda ba mai zuwa sai da safe. Arba'in da shida. Ta sake ƙirgawa a komowa, bai canza ba.

Da safe ta koma kantin ta ce a gwada mata. Akwai wani maɓalli a jikin uwar, in an danna shi mai kanti na iya magana da wanda ke riƙe da ɗan. Ta fita titi da farin a kunne tana ƙirga taku, Yusufu yana ta zuba daga ciki, baiwata kina ji na, ki dawo ki share mini kanti. Ta ce tana jin kukan jaki dai. Masu shayi suka bi ta da kallo. A taku na talatin muryar ta fara karyewa, kafin talatin da biyar ta ɓace. Ta dawo ta karɓi mai ruwan tokan, ta zare eriyar, ta sake fita. Nauyi ne da shi, yana danne mata kunne. Amma ta wuce arba'in da shida jakin bai daina kuka ba, ta wuce hamsin, sai da ta kai rumfar mai gyaran keke, taku sittin ba biyu, sannan ya yi shiru.

Ta ce wannan mummunan za ta ɗauka. Yusufu ya ce dama Fulani ba su san abu mai kyau ba. Yana ɗaure kwalin ya yi wata magana game da bango da kwanon rufi, amma hankalinta na kan lissafi, sittin ba biyu ya fi arba'in da shida da nisa, ba ta saurare shi ba.

Ta kai wa Namadi a matsayin tsaraba. Ya buɗe kwalin, ya dube ta, ya dubi tsohon tarhon da gajeriyar igiyarsa, ya ce, "Adda, tun muna yara ko gyaɗa ba ki taɓa sayo mini ba." Ta ce to ya bari ta mayar. Ya aika aka kira mai haɗawa.

Ran Juma'a falon ya fi na da cika, don labarin tarho marar igiya ya zaga unguwa. Bayan la'asar ya yi ƙara. Namadi ya ɗauka ya yi gaisuwarsa ta ƙetaren gulbi, sannan ya zare eriyar har ƙarshe ya miƙa mata.

"Adda, riƙe ki gaisa. Ni kam kamar na ji awakin can sun kwance, dubo mini su, tunda ku kuka san halinsu."

Mutum biyu suka yunƙura za su bi ta su ga iyakar abin. Namadi ya juya ga liman ya tambaye shi hukuncin zakkar fatun da ba a jeme ba. Liman ya gyara zama, kowa ya san ba mai tashi sai ya kai ƙarshe.

Ta bi ta soro tana ƙirge. Hayatu yana tambayar shanu, tana cewa lafiya. Ta ratsa tsakar gida, ta wuce madafa. Tana shiga lungun, tsakanin katangu biyu, wani sauti ya taso a wayar kamar ana suya. Ta ƙara sauri. Muryarsa ta riƙa zuwa guntu-guntu, ta ce a ranta in ta fita fili zai gyaru. Arba'in da huɗu, da biyar, da shida. Ta tsaya ƙarƙashin dogonyaro, awaki suka ɗago suna kallon ta, ta rufe ido ta faɗi sunan. Bakinta bai saba da shi ba, ya fito a karkace. Ta faɗi kalma ukun. Ta jira.

Babu komai sai suya. Ta girgiza tarhon, ta ɗaga shi sama, ta mayar kunne. A nan ne maganar Yusufu ta dawo mata. Ita a titi ta yi gwajinta, titi kuwa ba shi da katanga.

Ta juya ta fara komawa a hankali, taku ɗaya ta tsaya ta saurara, wani takun ta tsaya. Tsoronta kar ya gaji ya ajiye. Ta fito daga lungun, suyar ta ragu, sai ga shi can ƙasa, "Inna? Inna, kina nan?" Ta ƙara taku biyu muryar ta fito sarai. Ta duba inda take. Daidai ƙofar madafa ce, ga Hindu matar Namadi zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana tsince wake, ba ta fi kamu huɗu da ita ba.

Ta gwada ja da baya taku ɗaya, suyar ta dawo. Ta matso. Babu wani wuri sai nan.

Hindu ta ɗago ta dube ta, ta dubi tarhon. Ta ajiye faifan waken, ta miƙe, ta jawo turmi, ta zuba geron da ba a nemi a daka ba, ta juya wa Iyatu baya ta shiga daka da ƙarfi, har da luguden da ba a yi wa ɗan gero kamar wannan.

Iyatu ta toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"Hayatu."

Ya yi tsayawar nan tasa, ta fi ta kullum tsawo. "Na'am, Inna."

"Ka taho gida."

"Inna, mi kic ce?"

"Ka ji ni."

"Na ji. Sake hwaɗi dai."

"Kurma na haihwa?"

Ya yi dariya, irin ta ubansa ce, ba ta taɓa jin ta kusa da kunnenta haka ba. Da dariyar ta ƙare sai ta ji yana jan hanci, ta yi kamar ba ta ji ba. Ya ce zai nemi hutu, amma wurin aikinsu ba su cika bayarwa ba, ba lalle ne ya samu kafin ƙarshen shekara ba. Ta ce to. Ta tambaye shi ko yana samun fura a can, ya ce ina fa. Tana shirin cewa wani abu layin ya yanke. Hindu ta ci gaba da daka har sai da Iyatu ta bar wurin.

A falo liman bai gama ba tukuna. Namadi ya karɓi tarhon ya mayar kan uwarsa, ya tambaye ta awaki. Ta ce suna nan ɗaure.

Ranar Asabar ta hau motar gida ita kaɗai, tarhon na can kan teburin Namadi. Ba ta tsaya Anka ba. Ta iske gidan kamar yadda ta bar shi, kaji suka taho da gudu, ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Da yamma ta tuƙa tuwo, ya yi saura. Ba ta san ko za a ba shi hutun ba, ba ta kuma da hanyar sani sai wata Juma'ar, in ta iya tafiyar.

Da safe ta buɗe ɗakin kakar. Damina ta huda jinkar ta wuri biyu, gara ta ci ƙafar gado. Ta ɗauki mayafi ta fita neman mai yankan ciyawa tun kafin a sa wa daji wuta. Maƙwabciyarta Marka ta leƙo ta kan danga ta ga ƙofar a buɗe, ta tambaye ta wa za a gyara wa ɗakin.

"Wancan," in ji Iyatu, ta wuce.